Gimba Ba Ya Cin Yauƙi

Kasuwar Relief, Anaca
7 ga Maris, 1977

Zuwa ga Gimba mahauci, Coal Camp, Inugu.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ka a zaune, don na ji an ce tsayuwa ta fara yi maka wuya. Ina gaida Safiyatu da yara. Mu nan lafiya lau, sai zafi da cunkoso. Tun da arzikin mai ya zo kowane mai shago ya sayi mota, yanzu daga Upper Iweka zuwa bakin kasuwa ƙafa ta fi taya sauri.

Kallamu direba, wanda ke kawo min buhunan kuka da busasshiyar kuɓewa daga arewa, ya biyo ta wajenku makon jiya. Ya ce ya je teburinka a kasuwa bai gan ka ba. Da ya bi ka gida ya tarar hula ta zurma maka har kunne, ka ce masa mura ce. Wace irin mura ce take cin gashin kai ta haɗa da gemu?

Gimba, uwata da ubanka ciki ɗaya suka fito. A duk ƙasar kudun nan ba ni da wani jini sai kai, ko da yake da an ba ni zaɓi da na duba wani. Jirgi ɗaya muka shiga shekarar gudu, tare kuma muka dawo bayan yaƙi muka tarar ciyawa ta cinye rumfunanmu. Ba ka isa ka ɓoye min ciwo ba. Ka rubuto min gaskiya ta hannun Kallamu, in ba haka ba in rufe rumfa in zo in tona ka a gaban matarka.

Ni ce uwargijiyarka,
Hajo

Coal Camp, Inugu
17 ga Maris, 1977

Zuwa ga baiwata Hajo, mai sayar da garin ganye.

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na kuma sha wuya kafin in karanta. Malamin da ya koya miki rubutu a ajin yaƙi da jahilci, Allah Ya yafe masa. Safiyatu da yara suna amsawa.

To, ba mura ba ce. Tun bayan babbar salla wasu ƙulluttai suka fito min a wuya da hammata, ba zafi ba ƙaiƙayi. A babban asibiti wani likita, Dokta Nwokedi, ya ɗebi ɗan guntu ya duba, ya ce ciwon daji ne, amma irin wanda ke jin magani. Haifaffen Sabon Garin Zariya ne, Hausarsa ta fi taki. Allura shida za a yi min ta jijiya, duk bayan mako uku. Na karɓi biyu, ƙulluttan kuwa har sun fara lafawa, alhamdu lillahi.

Matsalar ciki ce. Kwana uku bayan kowace allura bakina ya cika da miki, gudawa ta ɓalle, duk abin da na ci ya wuce kamar ya zo sallama. Na tambayi likita dalili. Ya ce, "Malam Gimba, in ka juya hanjin sa, me kake gani a ciki?" Na ce wani santsi mai kama da majina, shi muke kankarewa kafin mu sayar. Ya ce, "To wannan ita ce rigar hanji. Maganin nan duk abin da ke saurin tofowa a jiki shi yake bi, da ciwon, da gashi, da wannan riga. Yanzu naka hanjin tsirara yake." Shekara ashirin ina kankare na shanu, ga shi an kankare nawa.

Kafin kowace allura ana ɗora ni a sikeli kamar cinyar sa. Da kilo hamsin da tara na fara, yanzu hamsin da huɗu ne. Ya ce ranar da na sauka ƙasa da hamsin zai dakatar da allurar, in kuwa dakatarwar ta yi tsawo ciwon na iya dawowa da ƙarfinsa. Wannan shi ne abin da ke damuna, ba zan ɓoye miki ba. Kada ki rufe rumfa, addu'a ta isa.

Ubangidanki,
Gimba

Anaca
22 ga Maris, 1977

Gimba,

Sallama da gaisuwa. Yaya ƙarfin jiki? Na karanta takardarka sau uku, na shiga bayan buhuna na yi kukana, na fito na ci gaba da ciniki. Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa kaffara ne.

Amma kai da likitanka kun ba ni dariya. Riga ta yage ana neman abin rufawa, ga ni zaune a kan buhunansa! Ka manta kakarmu? Duk jikan da gudawa ta kama a Ƙaraye, ba ta ba shi komai sai ruwan karkashi da kunu mai ƙaro, har cikinsa ya tsaya. Ita ba ta san wani hanji tsirara ba, cewa take yauƙi yana shafe ciki kamar yadda ake yaɓe ɗaki.

Ga ƙunshi nan wajen Kallamu: garin kuɓewa, karkashi, da ƙaro mai haske na ƙasar Barno. Safiyatu ta kaɗa maka miyar da ruwa-ruwa, tuwon ya yi laushi, ƙaron kuma a jiƙa a zuba a kunu.

Na san abin da za ka ce, don haka bari in riga ka. Za ka ce kai ɗan tauri ne, ba ka cin yauƙi. To ina da tambaya biyu. Wane irin tauri ne allurar Sista ke hudawa duk mako uku? Sannan rubutun da kake sha tun kana yaro, da me ake haɗa tawadarsa in ba ƙaro ba? Ka ci, don Allah.

Hajo

Coal Camp
6 ga Afrilu, 1977

Hajo,

Bayan gaisuwa, jiki da sauƙi. Ƙunshi ya iso, na gode. Safiyatu da yara sun sha miya, maƙwabta ma sun samu, suna sa miki albarka.

Tambayoyinki na jahilci ne, amma zan amsa. Tauri ana kwance shi na ɗan lokaci, kamar in wanzami zai yi maka aski ko ƙaho. Akwai abin da nake karantawa kafin allura, bayan an gama in mayar. Kwancewa daban, karyawa daban. Yauƙi karyawa yake yi, ba ya kuma gyaruwa. Zancen tawada kuwa ban da amsa, amma ɗigo ba kwano ba ne.

Yanzu ban da wasa. Daren da zan baro Ƙaraye Baba Gwadabe da hannunsa ya dama min maganin nan, ya riƙe min ƙoƙon har na shanye. Ya ce, "Ba ni da gona da zan bar maka, ga abin da nake da shi. Sharaɗinsa ɗaya, kada yauƙi ya shiga bakinka." Shekara ashirin da biyu ke nan wuƙa ba ta taɓa fitar min da jini ba. Ke kin ga abin da ya faru a hanyar tasha shekarar gudu, kin ga rigata yadda ta koma, jikina ko ƙwarzane babu. Ban samu jana'izarsa ba, ban gaji ko tabarmarsa ba. Wannan kaɗai ke gare ni nasa, kina cewa in zubar da shi a kwanon miya.

Kuma ki kwantar da hankalinki. Shekaranjiya na karɓi ta uku, sikelin asibiti ya nuna hamsin da biyar. Kin ga har ƙaruwa na yi ba tare da majinarki ba.

Gimba

Anaca
10 ga Afrilu, 1977

Gimba sarkin taurin kai,

Alhamdu lillahi! Hamsin da biyar! Ina karantawa na yi guɗa, har Mama Obiageli ta rumfar kusa ta zo a guje, ta ɗauka miji na samu. Na soya ƙosai na raba sadaka. Na janye maganata, ka riƙe taurinka, tun da cikin ya tsaya da kansa. Ka yafe min abin da na faɗa a kan abin Kawu.

Gobe in Allah Ya so zan tafi Fatakwal. 'Yata Zuliha ta shiga watanta, mijinta kuma kullum yana can wajen rijiyoyin mai da motar kamfani, ba mai yi mata wankan jego sai ni. Zan yi kwana arba'in ko fiye. Da na so in fara biyowa ta Inugu in gan ka da idona, amma tun da ka murmure, sai na dawo. Ka ci gaba da ƙiba, ka bar min kitse.

Hajo

Coal Camp
29 ga Afrilu, 1977

Zuwa ga Yaya Hajo.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da ladabi, ina gaida mai jego in an sauka lafiya. Ni ce Safiyatu. Maigida bai san na rubuto ba.

Yaya, jikin ba daɗi. Ran Litinin ya karɓi allura ta huɗu, jiya da hantsi ya faɗi a tsakar gida yana alwala. Maƙwabta suka taimaka muka kai shi asibiti, yanzu yana kwance ana ƙara masa ruwa. Ya farfaɗo, yana magana, har ya yi wa Sista tsiya.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da na dawo gida zan wanke babbar rigar da yake sawa ranar allura, sai na ji ta da nauyi, aljihu ɗaya ya ɓarke. Duwatsun sikelinsa na kasuwa ne a ciki, na ƙarfen nan da yake auna wa masu otal nama. Na duba cikin akwati na ga wasu an ɗinke su a cikin ɗamara. Na haɗa su duka, kilo shida ne. Ashe shi ya sa ya ce ranar asibiti ba sai na raka shi ba, shi ya sa kuma yake tafiya kamar mai ɗauke da tulu.

Tun farkon wata ba abin da ke zama a cikinsa. Ƙaruwar da ya gaya miki ƙarfe ne. Na yi masa magana ya ce in na faɗa wa likita za a tsayar da allura, in an tsayar kuma ni ce na kashe shi. Miyar nan na kai masa har bakin gado, ya juya fuska bango. Yaya, ni ba ya jin tawa. Ke kaɗai ce kike zaginsa ya yi dariya.

Ƙanwarki,
Safiyatu

Diobu, Fatakwal
9 ga Mayu, 1977

Gimba,

Sallama. Zuliha ta sauka lafiya, namiji. Gaisuwar ke nan, sauran ba ka ci ba.

Takardar Safiyatu ta yi kwana goma a hanya. Ta je Anaca ba ta same ni ba, Kallamu ya riƙe ta a aljihu, motarsa ta maƙale a layin siminti a bakin tashar jiragen ruwa, sai jiya ya lalubo gidan. Kwana goma ina nan ina dama kunun kanwa ina gaya wa mutane ɗan kawuna ya warke. Kada ka kuskura ka yi mata faɗa.

Kai yanzu ko kunya ba ka ji ba? Duk Inugu an san ka ba ka taɓa danne sikeli da yatsa ba, sai da aka zo auna ranka ka yi algus. Wa ka cuta? Ni da na soya ƙosai, ko likitan? Na ji haushi ƙwarai, amma tsoro ya fi haushin yawa. Ni ma da laifina, da na ga lamba na yi ta murna, ban tambayi ko kana cin abinci ba.

Yanzu ka gyara zama, zan gaya maka abin da na riƙe shekara ashirin. Lokacin ciwon ajalin Kawu Gwadabe ina gida Ƙaraye, na je haihuwar Zuliha. Kai kana nan kudu, takarda ba ta isa gare ka da wuri ba. Cikinsa ya ƙi komai, kamar naka. Innata Sa'a ta kaɗa karkashi ta kai masa, ya kore ta. Ta sake kaiwa, ya sake korar ta. A rana ta uku ya ce a rufe ƙofar zaure. Ni na riƙe masa kwanon. Ya shanye tas, ya siɗe yatsa, ya ce, "Sa'a, ashe haka abin nan yake da daɗi, kuka bar ni shekara arba'in?" Muka yi ta dariya har da hawaye.

Wata huɗu ya yi yana shan ta safe da yamma. Da ita ya samu ƙarfin da ya fito ranar suna ya ɗauki Zuliha ya yi mata addu'a. Ya sa mun yi alkawari ba za mu gaya maka ba. Ya ce kana ƙasar mutane kai kaɗai, in ka ji ubanka ya karya nasa, gabanka zai riƙa faɗuwa. Ba don maganin ya ce a ɓoye ba, don kai ne. Inna ta tafi da alkawarinta, ni kuwa yau na karya nawa, Allah Ya yafe min. Na tabbata da yana raye, da kansa zai riƙe maka kwanon.

Abu biyu nake so. Ka gaya wa likita gaskiya da bakinka. Sannan ka tambaye shi zancen miyar, in ya ce kada ka sha, na yi shiru har abada. Jego ya ɗaure ni a nan, ban da haka da ka gan ni da muciya.

Hajo

Coal Camp
22 ga Mayu, 1977

Zuwa ga Hajo.

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah Ya raya, Ya sa kada ya ɗauko bakin kakarsa. An sallamo ni, ina gida.

Takardarki a gadon asibiti ta same ni. Na karanta na rufe fuska da mayafi, mutumin gadon kusa ya ɗauka barci nake. Na yi fushi da ke na yini guda, da Gwaggo Sa'a, har da Baba. Daga baya na yi ta ganinsa yana siɗe yatsa, dariya ta kama ni, ga bakin duk miki.

Washegari na sa Safiyatu ta kawo duwatsun, na jera wa Dokta Nwokedi a kan tebur. Ya dube su, ya dube ni, ya fita waje. Ina jin dariyarsa a baranda. Da ya dawo kuwa ba dariya a fuskarsa. Ya ce da nauyin mutum ake auna yawan maganin, wato na sa an yi min allurar wani ƙato da ya fi ni kilo shida, a lokacin da ya kamata a rage a kuma jinkirta. Ya ce saura kaɗan in kashe kaina da wayona. Wallahi ban san haka abin yake ba, na ɗauka sikelin ƙofa ce kawai, in ka wuce ka wuce. Aka auna ni daga ni sai gajeren wando, arba'in da shida. An tsayar da ta biyar sai na kai hamsin, ya kuma ce ba ya son a wuce wata guda.

Na tambaye shi zancen miyarki. Na zaci zai yi tsaki, sai ya jawo kujera. Ya ce abin da ke sa kuɓewa da karkashi yauƙi, da abin da ke cikin ƙaro, duk dangi ɗaya ne, wani irin sukari ne mai dogon zare wanda ba ya da zaƙi, ciki kuma ba ya saurin narkar da shi. Yana riƙe ruwa, ana kuma zaton yana kwanciya a kan wurin da ya saɓule har sabuwar riga ta tofo. Ya ce masu bincike suna dubawa, ba a tabbatar ba tukuna, kuma ko kusa ba ya taɓa ciwon dajin, wannan aikin allura ne. Amma abinci ne, in sha. Sharaɗinsa: ba barkono, ba kanwa, kada kuma in haɗa shi lokaci ɗaya da ƙwayoyin da yake ba ni.

Ran Juma'a bayan an sauko na yi wa Baba addu'a, na ce Safiyatu ta kawo. Tuwon shinkafa ne da kuɓewa. Hajo, ashe na manta yadda ake ci! Na ɗebo loma, miyar ta biyo ni har gwiwar hannu, na ɗaga ta ƙi yankewa, yara suka faɗi ƙasa don dariya. Sai da Safiyatu ta nuna min yadda ake murɗa hannu. Na haɗiye ina jiran in ji wani abu ya tsinke a jikina, ban ji komai ba sai gishiri da daddawa. Ta wuce maƙogwaro ba zafi, abin da na manta rabona da shi. Na yi hawaye, ba zan ɓoye ba.

Yau kwana tara. Fita bayan gida ta ragu daga goma zuwa huɗu. Kada kanki ya kumbura, an ƙara min ruwa, an kuma huta da allura, ba miyarki kaɗai ba ce. Likita yana rubuta abin da na ci kullum a wani littafi, ya ce ki aiko masa da kowane iri kaɗan-kaɗan, da sunansa a jiki.

Gimba

Anaca
2 ga Yuni, 1977

Gimba mai miya har gwiwar hannu,

Gaisuwa da murna. Na dawo jiya, na tarar ruwan sama ya shiga rumfa ya jiƙa min rabin buhun kuka, ko a jikina.

Ga ƙulli biyar na likita: kuɓewa, karkashi, lalo, dargaza da ƙaro. Na rubuta sunayen da manyan baƙaƙe, in bai iya karantawa ba ya zo ajinmu. Ka gaya masa lalo ya fi sanyi a ciki, amma karkashi ya fi daɗewa. Ya rubuta a littafinsa cewa Hajo ta Kasuwar Relief ce ta faɗa.

Zancen kanwa kuwa, karkashi ba kanwa zalunci ne, amma tun da ya ce, a bi. Safiyatu ta jiƙa garin a ruwan ɗumi tukuna, ta burga shi sosai da maburgi kafin ta zuba a tukunya, kada kuma ta rufe. Zai ja.

Daga yau ba na karɓar lamba daga hannunka. Safiyatu ta tsaya a gaban sikelin ta gani da idonta, ta sa hannu a ƙasan takarda. Saura kilo nawa?

Hajo

Coal Camp
15 ga Yuni, 1977

Hajo,

Lafiya lau. Hamsin da 'yan kai, shekaranjiya, daga ni sai wando, Sista ma sai da ta lalube wandon. An yi ta biyar, an rage mata ƙarfi daidai jikina. Gudawa ta zo amma ba ta kwantar da ni ba, ina sha ina ci. Saura ɗaya. Karkashi ya kusa ƙarewa.

Gimba

Na gani da idona, gaskiya ne. Safiyatu.

Coal Camp
8 ga Agusta, 1977

Zuwa ga 'yar'uwata Hajo.

Assalamu alaikum. Gaisuwa irin wadda ba a yi wa bayi, yau kaɗai, kada ki saba. Ina fatan kina lafiya, da Zuliha da angon ƙarni. Safiyatu da yara suna gaishe ki.

Ta shida ta wuce tun farkon Yuli. Makon jiya likita ya lalube wuya da hammata bai samu komai ba. Bai ce na warke ba, ya ce in riƙa zuwa duk wata biyu ana dubawa, sauran na Allah ne. Nauyi hamsin da huɗu. Gashi ya fara tofowa, laushi kamar na jariri. Likita ya hana ni azumin bana, na ce to.

Yau na koma teburina. Mahauta suka taru suna ta ihu, har da masu doya na layin baya. Na ɗaura walki, na wasa wuƙa, na kama wani ƙashin haƙarƙari. Hannun bai gama dawowa ba, wuƙar ta zame ta sauka a babban yatsana na hagu.

Hajo, ta shiga. Shekara ashirin da biyu, yau na ga jinina a kan katako. Aka zuba min ido, don duk sun san ni, sun kuma san abin da ake faɗa a kaina. Wani ya kawar da kai don kada in ji kunya. Ni kuwa na tsaya ina kallonsa. A asibiti kullum gargaɗin da ake min shi ne in kiyayi rauni, don allurar ta tsinka jinin, in ya ɓalle ba zai tsaya ba. Ga shi ja wur, mai kauri, ya gangaro ya ɗiga sau uku ko huɗu. Kafin a kawo tsumma ya daskare da kansa.

Na ɗaga yatsan na nuna musu ina dariya, suka ɗauka ciwon ya taɓa min kai. Ban yi musu bayani ba. Na ce a zuciyata, Baba, naka ya tafi, amma ɗanka yana nan tsaye a kan ƙafarsa. Na ɗaure yatsan na gama sarar haƙarƙarin, na auna wa mai otal kilo biyu cif.

Da yatsan a naɗe nake rubuto miki, shi ya sa rubutun ya koma irin naki. Ki turo karkashi buhu guda ta hannun Kallamu, ba ƙulli ba. In kin zo salla ki zo da maburginki, Safiyatu ta ce har yanzu nata ba ya ja kamar naki.

Ɗan'uwanki,
Gimba